Ɓoyon Takalma a Gidan Yaya

A gidan yayata da ke Argungu, baƙo ba ya tafiya ranar da ya ce zai tafi. Ba roƙonsa ake yi ba, takalmansa ake ɓoyewa. Ka gama sallama da kowa, ka ɗaure kayanka, ka fito bakin ƙofar ɗaki ka duba inda ka tuɓe su, wayam. Ka tambayi yara, su yi maka kallon wanda ya zautu. Ka tambayi matar gida, ta ce ita fa tun da ka zo ba ta lura ko da ƙafafu ka zo ba. Haka za ka gaji don kanka ka kwance kayan. Ni aka fi yi wa wannan, don ni ce ƙanwarta, ni kaɗai na rage mata a ɗakinmu.

A Zauro aka haife mu, bakin fadama. Innarmu ta rasu ina rarrafe, don haka Yaya ce ta goya ni, ita ta yi mini kitson farko, ita kuma ta yi mini dukan farko, kuma ta iya duka biyun. Aka kai ta aure Argungu, gidan wani manomin shinkafa mai shiga ruwa kamun kifi in rani ya yi. Ni daga baya aka kawo ni Birnin Kebbi, gidan wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, Birnin Kebbi ba wani abin a zo a gani ba ce, amma tun ranar da aka kai ni Yaya ta laƙaba mini 'yar birni. Ban sake jin sunana a bakinta ba.

Duk shekara in an yanke shinkafa an sussuke an zuba a rumbu, mata sukan samu sararin kansu. Lokacin ne muke yawon kaka. Ba biki ake ba, ba suna ba, ba gaisuwar mutuwa ba. Tafiya ce kawai don ka ga naka, ka ci abincin da ba kai ka dafa ba, ka yi barcin rana ba mai tashinka. Yanzu in na gaya wa jikokina na yi tafiyar wata guda ba dalili, sai su dubi juna, wai lallai akwai abin da nake ɓoye musu. Me zan ɓoye? Daɗi ne kawai muka je ji, kuma mun ji.

Akori-kura muke shiga a tasha, mata da yara da kaji da buhunan albasa, kowa kan kowa. Kafin mu wuce fadamar Zauro duk an zama 'yan ɗaki ɗaya. Wannan ta kwance ƙullinta ta miƙo ƙuli-ƙuli, waccan ta fasa goro ta zagaya da shi, kwanon sha ɗaya ne ke yawo daga baki zuwa baki har ruwan ya ƙare. Matar da ban taɓa gani ba za ta karɓe mini yaro ta ɗora a cinya, ta share masa majina da haɓar zanenta, ta yi masa faɗa in ya yi ƙiriniya, in kuma gode mata. Ga ƙura ga tsami ga zafi, mota ta lalace sau biyu a hanya, amma wallahi da dariya muke sauka.

Da na yi sallama a zaure Yaya za ta ɗago murya daga cikin gida. "Wa nika ji kamar 'yar birni? A shimfiɗa mata abin kirki, kada ƙasarmu ta ɓata mata zane!" Kafin in zauna ta miƙo mini ƙwarya da ruwan randa mai ƙamshin kajiji, ta tsaya a kaina sai na shanye. Daga nan kuma sai abin da Allah ya yi. Tuwon jar shinkafa da miyar kifi a kwano ɗaya, hannuna da nata suna karo. Da hantsi mu bi yara bakin gulbi mu kalli masunta suna bin ruwa kwance bisa gora. Wata rana mu hau jirgin ruwa mu je Gulma gaida wata gwaggonmu kurma, mu yini muna ihu a kunnenta tana ba mu amsar abin da ba mu tambaya ba. Kullum da kwana uku nake zuwa a baki, kullum sai na ga sabon wata a can. Akwai shekarar da maigidana ya gaji ya aiko direban motar Argungu ya tambaye ni wai ko ya aiko mini da gadona.

Da fari Yaya ce ke ɓoyon da kanta, kuma ba ta iya ba, ƙarƙashin tabarma take turawa. Da autarta ta yi wayo sai aikin ya koma hannunta, nan na san na shiga uku. Yarinya ce siririya mai wushirya, ba ta da yawan magana, Innar Birni take ce mini. Ta taɓa sa mini su cikin turmi ta kife. Ta taɓa tura su akurki ƙarƙashin kaza mai kwanci, kazar ta sassare ni da na kai hannu. Na lallashe ta da alewa, na yi mata barazanar ba zan ƙara kawo mata ɗan kunne ba, ko gezau. Doka ɗaya take bi: ba ta fito da su sai uwarta ta dube ta ta ɗaga gira. In ba a ɗaga girar nan ba, ko yanka ta za ka yi ba za ta faɗa ba.

Shekarar da ciwon amai da gudawa ya shigo ƙasar, maigidana ne ya fara ji. Mutumin da ke yini cikin rediyoyi, wannan na magana wancan na magana, duk sanarwar da aka yi sau ɗaya shi sau goma yake jin ta. Ya dawo gida da ita a baki: a tafasa ruwa, a wanke hannu, an ce ciwon ya kashe mutane a gari kaza, ya tsallaka gari kaza. Mu mata ba ma kiran sunan ciwon, tsoro muke kada ya ji ya amsa. Baƙuwa muke ce mata. "An ce baƙuwa ta sauka unguwar mahauta." "Allah shi sa ta wuce ba ta kwana ba." Haka ake maganarta a bakin rijiya, a hankali, kamar ana gulmar wadda ke kusa.

Da kaka ta yi na fara haɗa kaya, ya ce bana a haƙura. Na ce masa tun da na san rediyo ban taɓa jin ta faɗi alheri ba, kuma rabin matan unguwarmu sun riga sun tafi nasu yawon, ni ce zan zauna gadin tsoro? Muka yi ta yi. Ƙarshe muka tsaya a kan kwana uku, na gaske wannan karon, ya sa na rantse. Don ya wanke kansa daga faɗan ya ba ni takalman da ya sayo mini daga Sakkwato yana ajiye wa salla, na jar fata masu ɗinkin zare a goshi. Su na sa na tafi, da ɗan ƙaramin ɗana a baya.

Ranar da zan komo na fito, ba takalma. Na yi dariya tukuna don kada a ce na canza hali, sannan na ja Yaya gefe na ce mata wannan karon ba wasa ba ne, rantsuwa na yi.

"Rantsuwa?" ta ce. "Rediyo ka aurenki ko mutum? In ya yi magana ki ce mai ni nir riƙe ki, shi zaka shi ishe ni."

Na dubi autar, tana can tana tsince shinkafa a faifai kamar ba ta san ana yi ba, bakinta na rawa don dariya. Na dubi girar Yaya, tana nan inda take. Ni ma dai gaskiya ba son tafiyar nake ba. Na kwance kaya.

Bayan kwana kaɗan ɗana ya tashi da gudawa. Kafin azahar ya zube, idanunsa sun faɗa, kuka ma ba hawaye. Mijin Yaya ya saɓa shi a kafaɗa muka yi asibiti, ni ba takalmi, ban ma san ba ni da su ba sai da ƙasa ta ƙone ni. Muka ishe mutane kwance har ƙarƙashin itatuwa, an rataye robobin ƙarin ruwa a rassa. Allah ya yi da sauran kwanansa, aka sa masa ruwa ya farfaɗo. Yana nan da ransa, shi ne mai shagon uban nasa yanzu.

Mun dawo da shi ke nan autar ta kwanta. Ita ba ta ba mu lokaci ba. Aka kai ta, aka nemi jijiya aka rasa, aka samu da kyar, ruwan ya ƙi zama. Ina zaune wajen kanta ina jiƙa mata leɓe, Yaya na riƙe da ƙafafunta tana murzawa don sun yi sanyi sun ɗaɗɗaure. Na ga tana lumshe ido, na ji tsoro, na ce bari in ja ta da magana. Na ce, "Ke ɓarauniya, ina kinka kai min takalma? Hwaɗa min in ba ki ɗan kunnen zinari." Ta buɗe ido. Wallahi ta ji ni, har bakinta ya motsa kamar za ta yi murmushi. Sai ta juya ido wajen uwarta tana jira. Yaya kuwa kanta na ƙasa, tana murza ƙafa tana addu'a, ba ta gani ba. Yarinyar ta jira, ta jira, ta mai da ido ta rufe. Kafin la'asar aka lulluɓe ta.

Ba a yi zaman makoki ba, hukuma ta hana taro. A layin su Yaya kaɗai an fitar da gawa a gida fiye da ɗaya cikin makon, har da gidajen da ba su taɓa sauke baƙo ba. Maigidana ya ji labari ya ɗauko shatar mota ya zo da kansa. Aka nemi takalmana sama da ƙasa, ba wanda ya san inda suke sai wadda ke kabari. Yaya ta tuɓe silifas ɗinta na roba ta tura mini da ƙafa, sun yi mini yawa, ina tafe suna tafi. A bakin zaure wata maƙwabciyarsu, wata mai bakin da ba ya rufuwa, ta ce da ta kusa da ita, da ƙarfi yadda zan ji: "Ai ita baƙuwa baƙi taka biya."

Wato ni na jawo ciwon gidan. Na juya zan ci mutuncinta, don ni ba a taɓa ni in yi shiru. Sai na ga Yaya tsaye a bayana. Ta ji. Na jira ta ce wani abu, ita da ke iya tashin unguwa a kan an harare ni. Ba ta ce komai ba. Ta gyara wa ɗana hula ta koma ciki. Wannan shirun na ɗauko na kawo Birnin Kebbi, na zauna da shi shekaru.

Ciwon ya yi abin da zai yi ya wuce, rediyo ta koma maganar taki da ƙwallo. Na ɗauka komai zai koma yadda yake. Ina! Kaka ta zagayo, na ga matan unguwarmu zaune a gida. Masu tafiyar ma da safe suke fita, kafin magariba sun dawo, har suna yabon kansu wai sun yi sauri. Ƙananan bas suka yawaita a hanyar Argungu, masu gudu, kowa da kujerarsa, sai abin ya zo daidai da tsoron mutane. Ka shiga mota ka ga kowace mace rungume da gorar ruwanta ko filas, ta sha ta rufe ta tura cikin mayafi. Ka fasa goro ka miƙa, a ce maka an gode, yanzu aka ci. Yaro ya ce cikinsa na ciwo a tsaya, ka ga an toshe hanci an matsa, uwar tana ta rantsuwa mangwaro ya sha. Ba wanda zai karɓar maka ɗa.

Abin da ya fi ba ni haushi gaisuwa ce. Da in ka sauka aka ce "Lafiya garinku?" ba mai sauraron amsa, ana faɗa ana karɓar kayanka. Bayan ciwon sai ta zama tambaya. A ce "Lafiya garinku?" a yi shiru, a zuba maka ido, kayanka na kanka. Akwai maƙwabciyata Kirista, 'yar wajen Jos, matar wani malamin makaranta, wadda kowace Kirsimeti takan kwashe 'ya'yanta su yi wata a garinsu. Ta ce mini shekarar da ta koma bayan ciwon, ɗaki daban aka ware musu da tukunya daban, wai sun fito ƙasar kwalara. Ta yi kwana biyu ta tattaro 'ya'yanta. Tun daga nan aike take yi, ta yi bikinta a nan ta kawo mana shinkafa. Har masu zuwa kallon kamun kifi na shekara suka koyi sabon salo: su je da burodinsu da ruwansu, su ci a mota, su kalli ruwa da mutane daga nesa su juyo, ga gidan danginsu a bayan kasuwa ba su leƙa ba. In ka yi magana a ce ai yanzu an waye.

Ni ma ban je ba. Ba tsoron ciwo ya hana ni ba, tsoron fuskar Yaya nake. Amma zumunci bai yanke ba, in dai wannan ne zumunci. Duk kaka direba zai sauke mini buhun shinkafa da ƙullin bandar kifi, ni kuma in aika da sabulu da turmin atamfa. In tsare direban a zaure in ce me ta ce? Ya ce ta ce tana gaishe ki da yara. In ce sai kuma me? Ya ce shi ke nan. Da can saƙonta ba ya wuce zagi: a gaya wa 'yar birni in ba ta zo ba zan zo in ɗauke ta da kunne. Shekara bayan shekara ina jiran zagin nan, ko sau ɗaya bai zo ba. Na yi kuka a kan buhun shinkafa fiye da yadda zan iya faɗa.

Ana cikin raɗe-raɗin za a yanke mu daga Sakkwato a ba mu jiharmu, mutane na ta murna, ni kuma na tashi wata safiya na ji ba zan iya ƙara wata kakar a haka ba. Na haɗa kaya na wata guda cur, har da zannuwan kwana da allurar kitsona. Maigidana ya ce yaushe za ki dawo? Na ce ban sani ba, sai yadda aka yi da ni. Ya dube ni, ya san abin da nake nufi. Na bar yara, na shiga bas ni kaɗai da kaya a cinya.

Na yi sallama a zaure. Aka amsa daga ciki, amsa irin ta kowa. Yaya ta fito, ta rame, furfura ta cinye mata goshi, ita da ba ta kai haka a shekaru ba. Ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar birni, kin zaka?" Jin sunan nan kaɗai ya sa na ce a raina ashe da saura. Na tuɓe takalmana a bakin ƙofar ɗakinta, daidai inda na saba, har na ɗan tura su bayan tulu da ƙafa don in sauƙaƙa wa mai ɗauka.

Ta kawo mini ruwa a kofi mai murfi. Na kurɓa na ji ɗanɗanon hayaƙi. "Tahwasasshe na," ta ce, "sha ba komi." Randar na nan a gindinta amma ba ƙamshin kajiji. Da aka sauke tuwo ta zuba mini nawa a kwano daban, ta zuba nata, muka zauna muna kallon juna kowa da kwanonsa kamar surukai. Na so in ture nawa in tsoma hannu a nata, na kasa. Muka yi hirar tsuntsayen da suka addabi shinkafa bana, da gwaggonmu ta Gulma da ta rasu ban zo ba, da ciwon bayan mijinta. 'Ya'yanta manya duk sun watse, matan an kai su ɗaki, mazan na fadama. Gidan ya yi tsit, kaza ma sai ka ji tafiyarta. Ta ga ƙullin kayana jingine da bango, ƙato, ba wanda zai gan shi ya ce na yini ne. Ba ta tambaya ba.

Da aka yi la'asar ta ce motocin Birni sukan yi wuya in rana ta sunkuya. Na ce a raina wataƙila ta manta yadda ake fara wasan ne, bari in tuna mata. Na miƙe na ɗaga murya yadda na saba. "To, Yaya, ni za ni tahiya. Na bar yara, ba ni kwana." Da can nan ne take cewa Allah shi kiyaye hanya tana danne dariya. Ta ce, "Allah shi kiyaye hanya." Ba dariyar.

Na ce bari in kewaya. Na ɗauki buta na shiga bayan gida na tsaya, ba abin da nake yi, ina dai ba ta lokaci. Na fito na sake alwala a hankali, na wanke ƙafa sau ba adadi. Mace da 'ya'ya, tsaye a bayan danga tana roƙon Allah a sace mata takalmi! Ko ni na san abin dariya ne, amma ba dariya nake ba.

Na zagayo. Suna nan. An fito da su daga bayan tulu, an goge musu ƙura, an jera su a tsakar gida an juya goshinsu wajen zaure, yadda zan zura ƙafa kawai in miƙe. Kusa da su ga wasu, su ma an juya su. Sai da na sunkuya na gane su. Jar fatar ta koma baƙa, sun bushe sun lanƙwashe, ɓera ya ci gefen ɗaya, ƙaiƙayi maƙale a cikin ɗinkin.

"Cikin rumbu tas sa su," Yaya ta ce daga bayana. "Can tat tura cikin shinkahwa. Da damana tay yi, abinci yay yi ƙasa, nis sa hannu in ɗebo, sai ga takalmi."

Tun damanar shekarar ke nan suna hannunta. Nan zuciyata ta ɓalle. Na ce mata, Yaya, ki daina kashe ni da shiru. In ni kike tuhuma ki faɗa, ki zage ni, ki dake ni kamar da, na yarda. Matar nan ta ce ni na kawo ciwo gidanki, kina tsaye ba ki tanka ba. Shekara nawa ina jiran ki ce in zo? Yau na zo da ƙafata, kin ba ni ruwa a kofi kamar jami'in allura, kin jera mini takalma har biyu. Me na yi miki da ba za a yafe ba? Ina faɗa ina kuka, murya har waje, ban damu da wanda ya ji ba.

Ta bar ni na gama. Sannan ta zauna bisa turmi, ta ce, "Ba ke niƙ ƙi ba, 'yar birni. Ke kin ce kwana ukku, har kin rantse. Ni nis sa anka ɓoye. Da na bar ki kin tahi ranar da kinka ce, ɗanki can za shi kwanta, ga ubanai, ba cikin ɗakin ga ba. Matar nan da tay yi magana, ba ke tas soka ba, ni ta. Shi as sa ban tanka ba."

Na ce haba Yaya, layinku kaf aka yi, har gidajen da ba baƙo. Ruwan gulbi ne, ko na rijiya, ko dai kwananta ne ya ƙare. Wa ya isa ya ce ga ta inda ta shigo?

"Na sani," ta ce. "Malamai sun hwaɗa min, likita ya hwaɗa min. Sanin bai rage min komi ba. Tun ranan ban ƙara ce ma kowa shi kwana ba, ko ɗiyan da nih haihwa. Wanda yaz zaka, shi tahi da ƙahwahunai lokacin da yac ce."

Na durƙusa gabanta na kama gwiwoyinta. Ban taɓa roƙon mutum haka ba, kafin nan ko bayan nan. Na ce to na ji, amma yau kaɗai. Ga kayana na zo da su. Ba sai kin ce in kwana ba, ba sai kin ce komai ba. Zan koma bayan gida in daɗe, ki tura su ko ƙarƙashin tabarma ne, yadda kike yi da, ni kuma in yi kamar ban gani ba.

Ta daɗe tana kallon tsofaffin takalman. Na ga girarta ta motsa, ta ɗan ɗaga, irin ɗagawar nan, sai kuma ta tuna ba mai kallonta a tsakar gidan. Ta sauke ta.

"Ba ni da mai ɓoyewa," ta ce.

Na sa sababbin a ƙafa, na ƙulle tsofaffin a haɓar mayafi. Ta ɗauki kayana da kanta ta raka ni har tasha, ta tsaya sai da motar ta tashi. Na iso Birnin Kebbi ana kiran magariba. Maigidana ya ga ƙullin yadda na tafi da shi ba a kwance ba, ya karɓa ya kai ɗaki bai tambaye ni ba.

Na ci gaba da zuwa duk kaka har Allah ya karɓi ranta, da safe in je, da yamma in dawo, kamar kowa. Ban daina tura su bayan tulu ba. Duk fitowar da zan yi, a tsakar gida nake ishe su, a goge, goshinsu na kallon zaure.